Wace jaka ta dace da doguwar tafiya a keke?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin tafiya daga Kano zuwa Zariya a keke cikin kwana biyu. Shin ƙaramar jakar ƙarƙashin sirdi da nake yawo da ita za ta wadatar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Waccan jaka ta yawon yini ɗaya ce, domin faci da sifana kawai take ɗauka. Ka sa kariya, wato ƙarfen ɗora kaya, a bayan keken, ka rataya jaka biyu gefe da gefe, nauyinsu daidai, mafi nauyin kaya a ƙasa, don kada keken ya riƙa karkata.

Amsa: Idan da damina ne, nemi wadda ruwa ba ya ratsawa. Kuma kada ka goya jaka, zufa za ta dame ka.