"Kama da wane ba ta wane": har ga fara?

Ɗan Ringim: Salamu alaikum. Jiya ƙanena ya kamo fara a jikin tumfafiyar bayan gari, rawaya mai zanen baƙi, wai a soya masa. Kaka ta ƙwace ta yar, ta ce "kama da wane ba ta wane." Ashe ana yi wa ƙwaro wannan maganar? Ni a kan mutane na san ta.

Baba Manomi: Ɗana, kakarka ta yi daidai. Farar tumfafiya ce. Ganyen nan mai farin ruwa take ci, dafinsa ya zauna a jikinta, in ka matsa ta sai ta feso ruwa mai wari. Wa ya taɓa ganin ta a faranti wajen masu soya fara da yaji? Maganar gargaɗi ce, kada ido ya yanke hukunci shi kaɗai.

Inna Mai Ƙosai: A'a Malam, ba gargaɗi ba ce, gori ce. Ana faɗa wa wanda ya ɗauko kamannin ubansa bai ɗauko halinsa ba.

Malamin Gona: Inna, duka biyun tana ɗauka. Masana ma sun raba su gida biyu: farar tumfafiya tana dangin Pyrgomorphidae, farin ɗango na hamada, Schistocerca gregaria, suna dangin Acrididae. Sai dai akwai inda maganar ke juyewa. Ɗan farin ɗango in ya tashi shi kaɗai kore ne, yana gudun 'yan'uwansa. In ruwa ya sauka a hamada suka hayayyafa, ciyawa ta bushe suka cunkushe wuri guda suna gogar juna, sai su koma rawaya da baƙi, su yi runduna kamar wadda ta cinye gonaki a Nijar da Mali a 2004. A wata fara mai irin wannan hali, an daɗe ana lissafa kamannin biyu a matsayin jinsi biyu, sai a 1921 masanin ƙwari Boris Uvarov ya nuna abu ɗaya ne.

Inna Mai Ƙosai: To ka ga! Nan babu kama, amma wane ne.

Baba Manomi: Ba ta karye ba, Hajiya. Maganar ba ta ce rashin kama na raba jini ba.

Ɗan Ringim: Baba, to a gona yaya zan gane wadda zan kai rahotonta?

Malamin Gona: In ka ga ƙanana marasa fiffike suna tafiya tare fuska ɗaya, sanar da mai unguwa ranar.