Mashin ɗin gudu na hawan yau da kullum: abin da na tattaro

Na zauna da masu hawan manyan mashina kan wanne ya dace da zuwa aiki kullum a cikin masu girman inji cc 650 zuwa 700, kuma kusan kowa maganar zama ya fara yi kafin maganar gudu. Yamaha R7 kyakkyawa ce ba ƙarya, injinta cc 689 silinda biyu, amma kanta ƙasa-ƙasa yake, dole ka kife a kan tanki, kuma a goslo bayan minti talatin wuyan hannunka da bayanka za su fara ciwo, ga sit ɗinta da tsawo, milimita 835 a ƙirar 2022, gajere sai ya yi ɗage a danja.

Kawasaki Ninja 650 ce ta fi samun magoya baya. Zamanta a miƙe, sit milimita 790, ƙafa na taka ƙasa sosai, ba ta shan mai da yawa, sai dai wasu sun ce ƙararta ba daɗi. Honda CBR650R silinda huɗu ce, laushi da murya kam ba a magana, amma ta fi nauyi ta fi shan mai, kuma ƙarfinta sai ka murza sosai yake fitowa.

Aprilia RS 660 kowa ya yaba, tambayar ita ce wa zai gyara maka, a ina za ka samu kayanta.

Ni dai Ninja zan ɗauka. Masu hawan sun kuma jaddada a nemi mai birkin ABS, wato wanda ba ya kulle taya in an kama birki da ƙarfi, a ware kuɗin hular kwano da safar hannu tun kafin a je ciniki.