Injin jirgina yana mutuwa da na rage wuta: in sayi kabireta ko in dakata?

Mai Fito Zamare:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina fito tsakanin Zamare da Rofia a kogin Kwara, injina Yamaha ne mai doki 40, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai. A tsakiyar ruwa lafiya lau yake gudu, ko da lodin albasa. Amma da na rage wuta zan kama gaɓa, sai ya yi tari ya mutu, ruwa ya karkata mini jirgi, fasinja suna ta salati. Na sa sababbin fulogi, na canja tiyon mai, bai daina ba. Bakanike ya ce kabireta ta gaji, in kawo dubu 85 ya sa wata. Kuɗin kuwa na rufin ɗaki ne kafin damina. In bayar, ko akwai abin da zan fara dubawa?

Ɗan Ngaski:
Wa alaikumus salam. Fulogi ne, canja su.

Bakanike Yelwa:
Malam, mutum ya ce ya canja. Ɗan'uwa, injin da ke gudu a sama ya mutu a silo, wato in an rage wuta, jet ɗin silo ake fara zargi, ɗan ƙarfen nan mai rami da mai ke bi a cikin kabireta. Raminsa bai kai kaurin allura ba, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe shi. Gwada wannan: in ya fara shaƙewa, ja cok kaɗan. Ya farfaɗo, to mai ne ba ya isarsa. Ka kuma matsa famfon roban da ke jikin tiyo. In matsawar ce ke riƙe shi, duba famfon mai ko inda tiyo ke shan iska. A kwance jet a busa da iska, kada a tsokale shi da waya. Saitin silo kuma a cikin ruwa ake yi, an sa giya, ba a kan benci ba.

Tsohon Masunci:
Yaro, kada ka bar injinka ya kwana a hannun kowa. Ni haka nawa ya fara. Na kai wa wani, ya ce kwana biyu. Wata uku injin yana jingine a rumfarsa. Kullum na je, yau a kawo kuɗin zobe, gobe na gasket. Na sayar da tumaki biyu, uwar 'ya'yana ta ba da kuɗin adashinta. Ranar da na ɗauko, na buɗe murfi na ga kabiretar ba tawa ba ce, tawa akwai inda na karce ta da wuƙa tun tana sabuwa. Na yi magana, ya rantse da girman Allah a gaban mutane. Ruwa ya janye, kifi ya yi yawa, ni ina tuƙi da filafili ina kallon yaran da na koya wa su suna wuce ni. Mun je gaban Sarkin Ruwa, aka ce in yi haƙuri. Haƙurin nake yi har yau, injin kuma a kilo na sayar da shi.

Maman Yara Agwara:
Allah sarki Baba. Allah ya mayar da alheri.

Ɗan Ngaski:
Baba ka faɗi garin kawai, mu san inda za mu kauce wa.

Tsohon Masunci:
Na bar shi da Allah. Har 'yarsa aka aurar bara, na je ɗaurin aure.

Alhaji Mai Kaya:
Dubu 85 ai sauƙi ya yi maka. Ta asali ta haura dubu 150, ni na sayo daga Legas.

Ɗan Baga:
Haba Alhaji. Dubu 40 na sa tawa, tana aiki.

Alhaji Mai Kaya:
Ta gwangwani ka sa, ɗan'uwa. Mu haɗu bayan wata shida.

Na Lagdo:
Nan Kamaru jaka 30 na sefa, ta hannu. Amma ku duba haɗin mai. Lita 25 na fetur rabin lita na baƙin mai yake ci. Wasu na zuba har lita guda wai don kare inji, fulogi ya yi baƙi ƙirin ya jiƙe, silo ya ƙi zama.

Mai Gyaran Babur:
Duk kabireta ɗaya ce. Ɗaure sukurun silo zagaye biyu, magana ta ƙare.

Bakanike Yelwa:
In ka ɗaga silo haka, giya za ta riƙa shiga da ƙara, wata rana haƙoranta su zube. Babur in ya mutu sai ka sa ƙafa a ƙasa. A kogin Kwara ina za ka sa ƙafar?

Mai Gyaran Babur:
To ku masu gyaran jirgin ne dai Baba ya gama ba da labarinku.

Tsohon Masunci:
Ban ce duka ba. Amma wanda bai taɓa kwana a kan ruwa ba ya rage baki.

Sarkin Fawa Ƙarami:
Masunta kenan! Inji ya ji ƙarnin kifi ya suma, kuna neman laifin kabireta. Ku shafa masa kitse.

Ɗan Baga:
Mahauci, koma ka kori ƙuda.

Maman Yara Agwara:
Ku bar wasa. Mu ke shiga da goyo. Ba mu manta jirgin Warra da ya nutse a 2021 ba, gidaje nawa aka yi makoki. Mai Fito, don Allah kada ka ɗauki mutane sai ya gyaru.

Ɗan Ngaski:
Gaskiya ne Maman Yara. Amma man da muke saya fa? Tun da aka cire tallafin mai a 2023, abin da ake sayar mana a jarka a bakin ruwa sai addu'a. Zuba a kwalba ka ajiye, za ka ga ruwa ya kwanta a ƙasa. Wace kabireta ce za ta jure?

Alhaji Mai Kaya:
Kada a yi wa kowa kuɗin goro. Raɓa ma tana taruwa a tankin da aka bari rabi.

Ɗan Ngaski:
Raɓa mai warin kananzir, Alhaji?

Ɗan Baga:
Ku kuna ma samu. Mu nan sai da aka yi shekaru ɗaukar jarkar fetur zuwa bakin tafkin Chadi laifi ne. Ga masu karɓar kuɗi a tasha, rasit ɗaya hannu uku.

Na Lagdo:
Nawa suke karɓa a wajenku kowane sawu?