Wai me za mu kira lup da Hausa ne?

Salamu alaikum jama'a. Jiya ina cikin torotoro daga Kejetiya zan koma Aboabo a nan Kumasi ƙanwata da ke karatun lissafi a jami'a ta turo min kod ɗinta na R, wato umarnin da ta rubuta wa kwamfuta da yaren R, lambobi biyar ne a jere, 2, 3, 5, 4, 10, tana so kwamfuta ta bi su ɗaya ɗaya tana ninkawa har ta kai 1200, irin wannan maimaitawar ce ake kira lup, amma duk ta danna sifiri yake fito mata. Wai Yaya ko kwamfutar ce ta lalace. Ina dubawa na ga akwatin da amsa ke taruwa a ciki ta fara shi da 0, to kome ka ninka da sifiri ai sifiri ne, da 1 ake farawa, 0 ɗin na tarawa ne. Shi ke nan matsalar fa. Kuma da ta kira prod, umarnin R mai ninka jerin lambobi a tashi guda, layi ɗaya ma ya gama mata, amma malaminsu lup yake so ya gani.

To wajen yi mata bayani a murya ne na maƙale, ina ta lup lup, mutumin da ke gefena har ya juyo.

Na ga wasu na rubuta madauki. Ni dai bai shige ni ba, madauki igiya yake kawo min a ka, abu ne a tsaye, shi kuwa lup tafiya yake yi. Wani abokina a Asawase ya ce jan carbi, wallahi ya yi kyau, ƙwaya ɗaya ɗaya har ka ƙare, sai dai ba na son ranar da kod ya ƙi aiki a ji yaro yana cewa carbina ya rikice. A bar carbi a masallaci.

Ni zagaye na zaɓa. Zagaye na farko 2, na biyu 6, na uku 30, na huɗu 120, ka ga yana ƙirguwa, ka sa print, umarnin da ke nuna amsa a allo, a ciki kana kallon inda abin ya karkace. Bekta kuma, wato lambobin nan da ke a jere, jeri za mu ce, wannan ba gardama.

Dibogin, wato neman kuskure a kod a gyara, shi ne ya rage. Na ce mata tsince, irin yadda mai waace ke zama da faranti tana tsince tsakuwa a wake kafin ta ɗora tukunya. Da safen nan ta turo wai Yaya na tsince zagayen, yanzu kuma NA yake ba ni. Akwai gurbin da ba lamba a sabon jerin nata kenan.

Wanda ke da wadda ta fi zagaye ya kawo mu ji.