Taƙaitawa: Haɗarin babur a damina da batun sauya inji

Ga abin da wata tattaunawa da aka yi kan hawan babur a damina da sauya injinsa ta ƙunsa, a taƙaice.

1. Kusan kowa ya yarda cewa ruwan farko ya fi haɗari, domin ƙura da man da suka taru a kan kwalta lokacin rani suna haɗuwa su zama santsi. An shawarci direba ya rage gudu, ya sauya tayar da ta suɗe, ya sa hular kwano, kada kuma ya danne birkin gaba shi kaɗai.

2. Idan babur ya faɗi cikin ruwa, kada a yi gaggawar tayar da shi. A cire filogi, a zubar da ruwan da ya shiga, a duba baƙin mai; idan ya yi fari-fari kamar madara, to ruwa ya gauraya da shi, sai an sauya. A ganina wannan shawara ce ta fi muhimmanci, domin gaggawar tana iya lanƙwasa ƙarfen fistan, ta mai da ƙaramin gyara babban asara.

3. A kan sauya inji ra'ayi ya rabu. Wasu sun fi son sabon inji saboda kwanciyar hankali, wasu kuma suna ganin na hannu ya wadatar, musamman ga Boxer da kayanta suka yawaita, matuƙar an je da bakanike amintacce ya saurari ƙararsa, ya duba hayaƙi da yoyon mai.

4. Babu wanda ya yi jayayya a kan karɓar rasit mai ɗauke da lambar inji, sannan a gyara takardun babur, domin kada a sayi kayan sata.