Musayar Waƙa: An Ci Bashi a Gina Aji

Mai Alli:
Salamu alaikum 'yan zaure. Alƙaluma sun bushe kwana biyu, bari in tsokano ku. Maudu'inmu bashin da gwamnatoci ke ciyowa da sunan gina makarantu da gyaransu. Ku ɗauki shirin AGILE na karatun 'yan mata: Bankin Duniya da ke Washintan ya amince da dala miliyan 500 a 2020 don jihohi bakwai, har da Kano, Katsina, Kaduna, Kebbi da Borno, ya ƙara miliyan 700 a 2023. Sharuɗɗansa da sauƙi, amma dai rance ne, ba sadaka ba. Ƙwar huɗu, babban amsa-amo "ya". Bismillah.

Da sunan Ta'ala nake buɗe baki,
Ina tambayar masu iko da banki,
Idan an ci bashi a gyara da sauƙi,
A ƙarshe a kan wa ake sa biya?

Ajin nan da iska ta yaye a bara,
Muna nan a fili da rana da yara,
Ana ce da mu an ci bashi a gyara,
Kuɗin dai kamar sun ɓace a hanya.

'Yar Funtuwa:
Wa alaikumus salam Malam. Na karɓa.

Haba Malam, kuka ya cika yawa,
Ka leƙo garinmu ka ga abin ƙawa,
An yi katanga, an ja mana ruwa,
Ga makewayi da ƙofa, ga kariya.

Da can in 'ya mace ta fara al'ada,
Ba makewayi, sai ta tsaya a gida,
Daga nan sai talla da tire a kan gada,
Boko ya zama labarin jiya.

In bashi ne ya maido ta kan benci,
Ni ban ga laifi ba, mai ci ya ci,
Jahilci ma bashi ne, ya fi ɗaci,
Shi ba a yafe shi, dole a biya.

Na Kwari:
Sannu Hajiya, murya ta fita. Amma ni ɗan kasuwa ne, da lissafi nake cin abinci.

Hajiya kin rera, saura lissafi,
Ran da aka sa hannu naira na da ƙarfi,
Dala ba ta kai ɗari huɗu ba a shafi,
Yau ta haye dubu, ta bar mu baya.

Da naira aka sayi bulo da siminti,
Da naira aka biya mai shafa fenti,
Da dala za a mayar, in ji gwamnati,
Ashe aji ɗaya kuɗin uku zai ci, Hajiya.

Wanda ke ganin zuƙi ta malle nake yi ya tambayi mutanen Kaduna. A watan Maris 2024 Gwamna Uba Sani da bakinsa ya ce ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85. Ba duka na makarantu ba ne, amma duk daga kason jihar ake zaftare shi kafin kuɗin su iso.

Mai Alli:
Mu 'yan Zariya kada ka tuna mana. An sha rigima a Majalisar Dattawa a 2018 kan rancen dala miliyan 350 da Kaduna ta nema, har abota ta ɓaci. Hajiya, ban ce kada a gina ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don ilimin matakin farko. Jiha ta kawo nata rabi, UBEC, hukumar tarayya mai kula da kuɗin, ta cika rabi. Shekara da shekaru hukumar tana kukan biliyoyi na kwance, jihohi ba su zo sun ɗauka ba.

Kuɗinka na kwance a Abuja yana jira,
Ka kawo naka rabin, an yi ta kira,
Ka tsallake shi ka tafi Washintan bara,
Wannan dabara ce ko rashin kunya?

Je ka kwalejin ilimi ka duba bango,
Rubutun TETFund a kowane zango,
Ba bashi ne ya tashe su daga kango,
Harajin kamfanoni ne, ASUU ta sha wuya.

Yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'a, na 1992 ne ya haifi asusun tallafa wa ilimi a 1993, wanda yau ake kira TETFund, don masu mantuwa.

Sarkin Aruli:
A dakata kafin a yi nisa. Malam Mai Alli, baitinka na farko karin Mutaƙarab ne tsaf, irin awon waƙar Larabawa da Halilu ya tsara, na cire maka hula. Sai dai ka jera baki, banki, sauƙi. "Ki" daban, "ƙi" daban, ƙaramin amsa-amo ya tsage. Kuma "ba bashi ne ya tashe su daga kango", ina "ba" ta ƙarshe? Ka sayar da nahawu ka sayi amsa-amo. Na Kwari kuwa, a baitinka na biyu, ɗangonka na biyu da na uku gaɓa 12 ne, na huɗu ya zabga 15. Ka cusa "Hajiya" a wutsiya don kawai ka sami "ya".

Na Kwari:
Sarkin Aruli mai awon gaɓa da mudu,
Gida na ci da wuta, kowa yana gudu,
Kai kana ƙirga ɗango, uku ne ko huɗu,
Na haɗa "du" da "ɗu", kai ƙara Zariya.

Sarkin Aruli:
A shago kana yin awon naka yadi,
Kana sa ido kansa kullum da gadi,
Awon nan a waƙa ka ce babu kundi?
Rashin yin awo ne ya jawo tsiya.

Ka yanka shi ƙafa-ƙafa. In ka sami karaya ko ɗaya, na bar zauren nan.

'Yar Funtuwa:
Kai Sarki, wannan ya zauna! Na Kwari, a nemi ruwa a sha.

Na Kwari:
Dama Hajiya tun da na taɓa miki lissafi kike neman mai rama miki.

Ustazun Unguwa:
Salamu alaikum. Kun tsallake babbar magana gaba ɗayanku.

Kuna musun dala, kuna musun naira,
Ba mai tuna kuɗin ruwa da aka ƙara,
Osun ta yi sukuk ta gina wa yara,
Haya ake biya, ba ruwa ba, ga hanya.

Sukuk takardun tara jari ne bisa tsarin Musulunci. Na Osun a 2013 ne, zamanin Gwamna Aregbesola, naira biliyan 11.4, kuma makarantu aka yi da su. Da naira aka karɓa, da naira ake mayarwa, ba ruwansu da tashin dala. Tarayya ta fara nata sukuk a 2017 da biliyan 100, amma tituna ta yi. Me ya hana jihohinmu na Arewa, inda aka fi ƙyamar kuɗin ruwa, su yi na azuzuwa?

Na Kwari:
Allah gafarta Malam, ƙarasa karatu,
Osun ta tsayar da manyan makarantu,
Daga 2015 albashi ya tafi hutu,
Rabi aka riƙa ba wasu, tuwo ba miya.

Ustazun Unguwa:
Ka ji tsoron Allah ka yi adalci. Basussukan jihar da yawa suke, kuma lokacin ne farashin mai ya faɗi, jihohi da dama suka kasa biyan albashi. Kada ka ɗora wa sukuk jakar tsaba.

Jar Hula:
Ku matsa ku ba Kano wuri ta wuce,
Dokar ta-ɓaci kan ilimi, an yi an ce,
Yunin 2024, aiki ne ba zance,
Jar hula na gyara ɓarnar jiya.

Ɗan Tsintsiya:
Yaro, cire hular ka sha iska,
Ilimi kyauta kuma dole, wa ya saka?
2019 ne, tambayi babanka,
Kun zo kun tarar, kuna ta ɗaga murya.

Jar Hula:
Kyauta a takarda, yara a kan ƙasa,
Aji ba ƙofa, awaki na shiga wasa,
Tsintsiyar da ta kasa share ɗakin kusa,
Ita ce za ta share mana Najeriya?

Ɗan Tsintsiya:
Ka bar zancen awaki, ku da kuka iya rusau.

Jar Hula:
Da waƙa ake amsawa a nan, Alhaji. Ko tawada ta ƙare?

Uwar Zaure:
Ku biyun nan, ya isa. Ba dandalin kamfe muka buɗe ba. Kuma Ɗan Tsintsiya, a bar sako iyaye a baiti. A koma kan bashi.

Sarkin Aruli:
Gwaggo, kafin a koma. Wannan sabon salo na zuba lamba a tsakiyar ɗango daga ina? Na Kwari ya yi, Jar Hula ya yi, Ɗan Tsintsiya ya yi. A ido 2019 ƙarama ce, a baki "dubu biyu da sha tara" gaɓa 8 ce cur. Wa zai rera wannan bai shaƙe ba?

Mai Alli:
Ranka ya daɗe, ni batun "sauƙi" nake so mu gama. Waƙa ta kunne ce. In na rera, ba mai jin tangarɗa.

Sarkin Aruli:
Kunnen wa? Bahaushen da bai raba baki da baƙi ba ya je asibiti. Kai da kake koya wa yara ƙa'idar rubutu!

'Yar Funtuwa:
Yanzu kuma na bar layinka, Sarki.

Makaɗan fada ba su karanta Halilu ba,
Masu daɓe da daka ba su san fa'ulun ba,
Karinsu a taɓarya yake, bai karye ba,
Ma'aunin Larabawa ba shi kaɗai ne a duniya.

Sarkin Aruli:
Hajiya, waccan waƙar baka ce, kiɗa ke riƙe ta. Wanda ya ce ƙwar huɗu da amsa-amo ya shigo rubutacciya, dole ya bi dokar gidan. Kuma ke ma kin haɗiye "ba" a ɗango na huɗu.

Na Kwari:
Ɗazu "wannan ya zauna", yanzu "na bar layinka". Hajiya, ko 'yan siyasa sai haka.

Jar Hula:
A ƙyale 'yan siyasa, Na Kwari, ku 'yan kasuwa wa ya kai ku sauya farashi?

Tsohon Birkila:
Ku yi haƙuri, sai yau na ga wannan. Ni ban iya awon waƙa ba, Sarki ya kau da kai.

Ku gafarce ni, yanzu na sauko daga gini,
Wani ɗan kwangila ya taɓa kira na ya ce da ni,
Buhu guda bulo saba'in za ka buga mini,
Bulon da in ka murza da yatsa sai ya tsiyaya.

Katakon rufi ɗanye, ba a shafa masa magani,
Kwano mafi araha, kowa ya gani,
Ƙusa biyu a gurbin huɗu, na yi magana aka ƙi ni,
Hadarin farko ya kwashe shi gaba ɗaya.

Kuna ta dala da naira, ni abin da idona ya gani ke nan. Sannan ba a ware ko sisi na gyara. Fallen kwano ɗaya ya ɗaga, hedimasta ba shi da kuɗin ƙusa, sai ya rubuta takarda sama. Kafin amsa ta dawo damina ta jiƙa silin ya rufto, ƙofa ta kumbura, gara ta shiga benci. Bayan shekara kaɗan a sake sa ajin a lissafin gyara, a sake ciyo wani bashin, na farko ba a ko fara biya ba.

Mai Alli:
Baba, Allah ya ƙara girma. Kamar ajina kake kallo.

'Yar Funtuwa:
Baba Birkila, hannunka ya yi albarka,
Namu kuɗin a asusun kwamitin makaranta aka saka,
Liman da mai unguwa suna tsaye a kanka,
Ka rage siminti, ku haɗu a masallaci da safiya.

Abin da ya bambanta ke nan, Baba. A shirin AGILE kuɗin ƙananan gyare-gyare hannun kwamitin gudanar da makaranta suke zuwa, iyayen yara na ciki. Wanda 'yarsa za ta zauna a ƙarƙashin rufin ba zai yarda da ƙusa biyu ba.

Na Kwari:
Inda kwamitin na gaskiya ne. Wani wurin hedimasta ne shugaba, ƙaninsa ma'aji, surukinsa mai kawo yashi.

Dattijon Zaure:
Yara, ni na ga 2005. Kulob ɗin Paris, ƙungiyar ƙasashen da ke bin mu bashi, ya yafe mana dala biliyan 18, muka biya wajen biliyan 12, aka yi ta murna an sauke kaya.

An yafe mana jiya, mun yi ta godiya,
Mun sha alwashin mun daina, har da rantsuwa da kuka da dariya,
Ga mu yau a layi da ƙoƙo, mu da 'ya'ya,
Tsufa ya hana ni neman wani amsa-amo, duk na ba ku "ya".

Sarkin Aruli:
Baba Dattijo, girmanka ya cece ka, ɗangonka na biyu ya kai Kaduna ya dawo, na yi shiru. Amma Birkila, na kau da kai har wuyana ya gaji. "Ƙusa biyu a gurbin huɗu, na yi magana aka ƙi ni", wannan ai hira ce aka yi wa layi. Rage "na yi magana", ka sa "na faɗa", ko ya ɗan miƙe.

Tsohon Birkila:
Na yi magana ne, ban faɗa ba. Da na faɗa daga kan rufin nan da ba ka same ni a zaure ba.

Na Kwari:
Baba ya gama da kai, Sarki. Ka ce in an sami karaya za ka bar zaure, to ga ta a haƙarƙarinka.

Sarkin Aruli:
A baitina na ce, ba a jikina ba. Har yanzu ina jiran ka yanka shi.

Uwar Zaure:
Ustaz ya yi tambaya kan sukuk tun shekaranjiya, ba wanda ya amsa masa da baiti. Jar Hula da Ɗan Tsintsiya, ku da kuke da gwamnatoci a aljihu, ku ake jira.

Ɗan Tsintsiya:
Gwaggo, caji ya ƙare, ba wuta a unguwarmu. Jar Hula ya fara.