Abin kunyar ɗan wasa ya kamata ya taɓa darajarsa?

Ga abin da na tsinta a hirar da muka yi da wasu kan wannan tambaya. Yawanci sun ce a bambanta laifin da ya tsaya tsakanin mutum da iyalinsa da wanda aka cuci wani. Ɗan wasan golf Tiger Woods asirinsa ya tonu a 2009 kan neman mata, kamfanonin Accenture da AT&T suka janye talla amma Nike ta tsaya masa har ya dawo ya ci babbar gasar golf ta Masters a 2019, wasu suka ce wannan haƙƙin matarsa ne ba namu ba. Duka ko fyaɗe kuwa ba sirri ba ne wallahi, nan nake, kulob ya dakatar da ɗan wasan da ake zargi a yi bincike. Wata uwa ta ce ɗanta da rigar gwaninsa yake kwana, ta yaya za ta ce ba ruwanta.